Yadda nake auna siginar wayar GSM ta hanyar buɗe ƙofa a kan lokaci

Wayar GSM ba ta watsa sigina a jere. Kowane zagaye na milisakan 4.615 an kasa shi gida 8, waya ɗaya kuma gida ɗaya take samu, kimanin mikirosakan 577. Idan ka bar analaiza, wato na'urar da ke nuna ƙarfin sigina a kowace mita (frequency), tana shara, wato bin mitoci ɗaya bayan ɗaya, haka kawai, tartsatsin kunnawa da kashewa zai cakuɗe da ainihin siginar, allo ya cika da ƙayoyi. Maganinsa shi ne a sa na'urar ta riƙa kallo sa'ad da wayar ke watsawa kaɗai, wato a buɗe mata ƙofa a lokacin, a rufe bayansa.

Kafin komai, sa abin rage ƙarfi tsakanin waya da analaiza. Waya a zangon megahaz 900 tana iya kai wat 2, yawancin analaizoji kuwa wat 1 ne iyakarsu. Gyaran bakin na'urar ba arha.

Daidaita mitar tashar, ka mai da faɗin shara sifiri, wato na'urar ta tsaya a mita ɗaya, domin ka ga siginar a kan lokaci. Za ta fito kamar tubali, da hawa da sauka. Nan za ka zaɓi tiriga, wato alamar da ke gaya wa na'urar lokacin da wayar ta fara watsawa. Ni na fi son na waje, mai shigowa ta kebul, in akwai, domin wanda ke bin tashin siginar yakan yi rawa idan ƙarfinta na canzawa.

Wurin da mutane ke tuntuɓe shi ne jinkirin buɗe ƙofa. Matatar RBW, wadda ke ƙayyade faɗin mitar da analaiza ke kallo a lokaci guda, tana buƙatar lokaci kafin ta natsu, aƙalla 2 a raba da faɗinta. A kilohaz 30, wajen mikirosakan 67 ke nan bayan siginar ta tashi. Ka ƙara kaɗan a kai, babu asara. In ka ƙuntata matatar, dole jinkirin ya ƙaru, har ya kai inda gidan ba zai ishe ka ba. Rufe ƙofar kuma tun kafin siginar ta fara sauka.

Sai ka koma shara ta mita. Idan na'urarka tsohuwa ce mai datse siginar bidiyo (siginar da ake zanawa a allo) yayin da shara ke ci gaba, kowane ɗigo na allo sai ya samu aƙalla zagaye ɗaya: ɗigo 401 sau milisakan 4.615, kusan sakan 1.9. Ka yi ƙasa da haka, layin ya fito da giɓi. Zaɓi ma'aunin ƙololuwa a nan, wanda ke riƙe ƙarfi mafi girma a kowane ɗigo. Sababbin na'urori masu tsayar da shara idan ƙofa ta rufe ba su da wannan matsalar, sun kuma fi sauri nesa ba kusa ba.