Matakan Binciken Faifan Ajiyar Kwamfuta Idan Ya Fara Ciwo

Kafin kowane gwaji, a kwashe muhimman takardu da hotuna zuwa wani faifai na dabam, domin gwajin kansa yana iya ƙarasa faifan da ya riga ya raunana.

Daga nan a kasa kunne jikin kwamfutar. Idan ana jin ƙas-ƙas a kai a kai, a kashe ta nan take, a kai wa mai gyara.

Idan shiru ne, a buɗe manhajar CrystalDiskInfo, wadda ke karanta bayanan SMART, wato rahoton da faifan ke ajiyewa game da lafiyarsa, ta nuna sakamakon da launi: shuɗi lafiya ne, rawaya gargaɗi, ja kuwa a gaggauta sayen sabo. A duba zafin faifan ma, musamman a bazarar Yamai, domin wuce digiri 55 haɗari ne.

Sannan a gwada wata wayar SATA, wato wayar da ke haɗa faifan da babban allon kwamfutar, don wani lokaci ita ce mai laifin.