Masu son zuwa gonar masarar Halowin, ga shawara

Salam 'yan uwa na nan Amurka. Duk mai niyyar kai iyali gonar masarar nan da ake yanka hanyoyi a ciki, masu kayan dodanni suna tsorata mutane da dare, don Allah kar ya bari sai Asabar ta ƙarshe kafin 31 ga Oktoba, ranar bikin Halowin, wallahi layin tikiti kawai sai ya cinye maka dare, ga na fakin, ga sanyi. Ku sayi tikiti ta intanet mai ɗauke da lokacin shiga, ku je farkon wata ko ranar aiki in suna buɗewa. A yi Magariba kafin a shiga layi. Takalmi rufaffe saboda taɓo, da rigar sanyi. Ƙananan yara kam a kai su da rana, ƙarar zarton injin nan da masu kayan dodannin ke kunnawa da dare tana firgita su sosai.