Yadda ake canza gejin tankin tsohuwar a-kori-kura mai shan dizal

Tsohuwar Hilux mai injin 3L ko 5L, Nissan Hardbody mai TD27, L200 mai 4D56, duk suna da wata cuta guda idan shekaru suka ja: allurar mai ta kwanta a kan E alhali yanzu aka sha mai, ko ta tsaya a rabi ta ƙi motsi, ko ta yi ta rawa daga Suame a Kumasi har Techiman. Abin da ke aika wa allurar labari, wato geji, yana cikin tanki. Fulot ne, wato ɗan abin da ke yawo a saman mai, a bakin siririn ƙarfe, yana hawa da sauka tare da mai, ɗaya bakin ƙarfen kuma yana goga wani ɗan allo mai nannaɗaɗɗiyar waya. Yadda gogar ke tafiya, haka ƙarfin wutar da ke isa allura yake canzawa.

Kafin ka kwance noti ko ɗaya, tabbatar laifin na tanki ne. Sau da yawa ana sauke tanki a banza, ashe tsatsa ce ta ci wayar negatif inda aka ɗaure ta a shasi. Zare soket ɗin da ke kan tanki, ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba. A Toyota na wancan zamani allura za ta sauka ƙasa. Sai ka haɗa wayar geji da shasi ta cikin ƙaramin ƙwan fitila na wat 3.4. Idan ƙwan ya kama, allura ta fara hawa, to wayoyi da agogon dashbod lafiyarsu lau. Kada ka haɗa wayar kai tsaye ka bar ta, agogon zai iya ƙonewa. Idan kuwa allurar mai da ta zafin inji suna ƙarya tare, duba cikin dashbod, domin a wasu tsofaffin motoci abu ɗaya ne ke daidaita musu wuta.

Wajen saye ne aka fi yin asara. A Magazin, unguwar makanikai da kayan mota ta Suame, ko a Abossey Okai ga mutanen Accra, za a miƙo maka wanda ramukan notinsa suka yi daidai da naka, a ce maka shi ne. Ramuka ba su isa shaida ba. Tafi da tsohon a hannu, da mitar auna wuta, mai nuna om, a aljihu. Na tsofaffin Toyota yana ba da om 3 ko kusa da haka idan fulot na sama, om 110 idan yana ƙasa. Wanda ake sayarwa na kowace mota yawanci om 240 ne a ƙasa, 33 a sama. Irin na kamfanin VDO na Turai kuma a juye yake: 10 idan babu mai, 180 idan an cika. Ka sa wannan a Hilux, tanki cike allura na cewa babu komai. Ɗora mita a kan soket, ka ɗaga ƙarfen a hankali daga ƙasa zuwa sama. Lamba ta riƙa tafiya sumul. In ta yi tsalle ko ta ɓace a tsakiya, gogar ta cinye wayar a nan, mayar wa mai shago kayansa ko da ya rantse hom yus ne, wato na hannu da aka shigo da shi daga ƙasar waje. Gwada tsawon ƙarfen da lanƙwasarsa da na tsohon, saboda tankin mota mai gida ɗaya da na mai gida biyu ba lallai su zo ɗaya ba. Ƙirga bakin soket ma: wanda ke kunna fitilar gargaɗin ƙarewar mai yana da ƙarin waya.

Girgiza fulot ɗin kusa da kunne. In ka ji ruwa na motsi a ciki, ya huje, nutsewa zai yi. Na tagulla ana tsoma shi a ruwan zafi, kumfa za ta nuna ramin.

Ranar aiki ka zo da tanki kusan wayam. Litar dizal ta kai kusan kilo 0.84, wato lita 60 kilo 50 ke nan, ga shi yana tangaɗi a kan jak. Cire negatif na batir, sa dutse ko katako a tayoyi. Dizal bai kai fetur saurin kamawa ba, amma a Magazin mai walda yana iya zama maƙwabcinka na bango, don haka ka matsa nesa da tartsatsi. Hanya biyu ce: ko a sauke tanki, ko a kwance notin bodin baya a ɗaga shi gefe da mutum huɗu. Inda tsatsa ta ci notin tanki, ɗaga bodi ya fi sauƙi, sai dai a tuna da wuyan zuba mai da wayoyin fitilun baya. In saukewa za a yi, sa faffaɗan katako tsakanin jak da tanki, a sassauto kaɗan, a zare soket da tiyo kafin a ƙarasa. Tiyon da ke kai mai inji da wanda ke dawo da shi, sa wa kowanne alama.

Saman tankin motar da ta sha hanyar jar ƙasa yakan tara laka kamar an yi yaɓe. Kankare ta, ka wanke, ka busar kafin ka buɗe, in ba haka ba duk cikin tanki za ta zube. Fesa WD-40 a kan ƙananan notin, ka ba su lokaci, domin kansu saurin lalacewa gare shi. Mai zoben murɗawa kuma da guntun tagulla ko katako ake bugunsa. Zaro gejin a karkace kada ƙarfen ya lanƙwashe. Tunda an buɗe, haska tocila ciki. Ruwa a ƙasan mai da baƙin dauɗa mai yauƙi suna iya zama su ne suka kashe tsohon, kuma za su ci sabon in ba a wanke tankin ba.

Sa sabuwar robar baki wadda ke jure mai. Ban da silikon: dizal yana jiƙa shi ya saki, gutsattsarinsa su toshe hanyar mai. Fulot ya fuskanci inda tsohon ya fuskanta, kada ya taɓa bangon ciki. Ɗaure noti a gicciye, kaɗan-kaɗan, ba da ƙarfin tsiya ba. Goge wurin negatif da samfefa har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure, a shafa giris. Amma tun kafin a zura sabon gejin cikin tanki, haɗa soket da batir, ka sa yaro ya ɗaga fulot da hannu kana kallon allura. A ba ta minti ɗaya ko biyu, ta tsofaffin motoci a hankali take tafiya.

Waɗannan injina ba su da famfon lantarki a tanki, don haka iskar da ta shiga tiyo sai an fitar da ita da hannu. Danna famfon da ke kan filta har ya yi tauri, sannan a tayar. Zuba lita 10 ka ga inda allura ta tsaya, daga baya a cika tanki fal a leƙa bakin robar ko yana tsattsafo.