Fara da aikin, lissafi ya biyo baya

'Yan'uwa malaman koyar da sana'a, ga wata dabara ga wanda ɗalibansa ke gyangyaɗi da zarar ya juya ga allo.

Kada ka fara da ƙa'ida. Fara da matsalar da za su tarar a wurin aiki. In lissafin kusurwa za ka koya wa masu koyon gini ko kafinta, ba su tef da igiya, ka ce su fitar da kusurwar ɗaki daidai. Ƙyale su su ɗan sha fama. Sannan ka nuna musu: a auna 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗayan, in tsakaninsu ya ba da 5, kusurwa ta daidaita. Yanzu ne za ka hau allo, kunnuwa a buɗe. Haka masu lantarki: a tambaye su me ya sa siririyar waya ke zafi in an jona mata kayan wuta masu yawa, kafin a ambaci dokar Ohm, wato ƙa'idar lissafin yawan wutar da ke bi ta cikin waya.

Aikin aji kuma ka ba da shi kamar yadda mai kaya zai kawo: ga ma'auni, ga ranar karɓa, ga katako ƙayyadadde. Wanda ya ɓata katako makinsa ya ragu, don ubangidansa ma ba zai yafe ba.

A Jamus mai koyon sana'a kan yi kwana 3 ko 4 na mako a kamfani, 1 ko 2 a makaranta. In ba ka da wannan halin, ko tsohon ɗalibinka da ke aiki ka gayyato, ya zo da injin da ya taɓa ba shi wahala, su kwance shi tare.