Kurakuran Masu Sayen Kifin Ado da Yadda Za a Gyara Su

Mutum zai shiga shagon kifin ado, ya ga masu kala-kala suna yawo a cikin gilashi, sai ya sayi tanki da matatar ruwa da tsakuwa da kifi goma duk a rana ɗaya. Kafin mako biyu sun fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ya koma shago yana ƙorafin an sayar masa da marasa lafiya. Sau da yawa ƙalau suka baro shagon. Ruwan da aka zuba su ne bai shirya karɓarsu ba, kuma wannan ne babban kuskuren da sauran ke biyo baya.

Sayen tanki da kifi rana ɗaya

Kifi yana fitar da amoniya ta mashaƙarsa da ke gefen kai, kashinsa da ragowar abinci su ma idan suka ruɓe amoniya suke komawa. Guba ce, tana ƙona mashaƙar kifi ko da kaɗan ce, kuma dafinta na ƙaruwa idan ruwa ya yi ɗumi ko ma'aunin pH ya hau, wato tsamin ruwan ya ragu. A tsohon tanki akwai bakteriya masu amfani da ke zaune a cikin soson matata. Wani rukuni yana mayar da amoniya naitirait, wani kuma ya mayar da naitirait naitiret. Naitirait ma guba ce: tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar oksijin, shi ya sa za ka ga kifi ya taso saman ruwa yana haki alhali injin iska na aiki. Naitiret ce mai sauƙin illa, ita ake ragewa da canjin ruwa.

Sabon tanki ba shi da waɗannan bakteriya, kuma kafin su yi yawan da za su iya aikin akan ɗauki mako 4 zuwa 6, wani lokaci har 8. Barin tanki ya kwana biyu da ruwa ba ya haifar da su, sai an ba su abin da za su ci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka haɗa tankin, ka kunna matata dare da rana, ka zuba amoniya ta kwalba wadda ba ta da turare ko sabulu har gwaji ya nuna kusan miligiram 2 a kowace lita. In babu ita, ɗan abincin kifi da ake barbaɗawa kullum ya ruɓe zai yi, sai dai ya fi jinkiri. Ka riƙa gwada ruwan duk bayan kwana biyu ko uku. Da farko amoniya za ta hau, sannan ta sauka naitirait ta hau, daga baya ita ma ta sauka. Ranar da ka zuba amoniya, bayan awa 24 ka tarar ita da naitirait duk sun koma sifili, naitiret kuma ta bayyana, tanki ya nuna, wato ya shirya karɓar kifi. Sai ka canza rabin ruwan ko fiye, ka tafi sayen kifi. Idan ka samu ɗan tsohon soso daga tankin wani mai lafiyayyun kifaye, ka sa shi a matatarka yana jiƙe, zai rage maka jiran sosai.

Kayan gwajin ruwa, musamman na ɗigo, sun fi duk wani kayan ƙawa da ke shagon muhimmanci, amma su ne aka fi tsallakewa. Ruwa garai-garai yana iya ɗauke da amoniyar da za ta kashe kifi, ido ba ya ganinta.

Wanda ya riga ya zuba kifi a sabon tanki fa? Ya daina ƙara wani, ya rage abinci zuwa ɗan kaɗan sau ɗaya a rana, ya gwada ruwa kullum. Duk lokacin da amoniya ko naitirait ta doshi miligiram 0.5 a kowace lita, ya canza kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na ruwan. Aiki ne na makonni, amma haka ake tsirar da su.

Ruwan famfo ma da nasa tarkon. Kulorin da ake sa masa yana kashe kifi da bakteriyar matata. Ajiye ruwa a bokiti na kwana ɗaya yana korar kulorin, amma ba ya korar kuloramin, haɗin kulorin da amoniya, wanda hukumomin ruwa da yawa ke amfani da shi. Don haka kowane ruwa da zai shiga tanki a sa masa maganin kashe kulorin bisa awon da ke jikin kwalbar.

Rashin tambayar iya girmansa

Kusan duk kifin da ke shago yaro ne. Wannan ɗan kifin da ake kira oska, mai tsawon yatsa, mai biyo hannunka a jikin gilashi, zai kai santimita 30, ya buƙaci tanki mai lita 250 ko fiye shi kaɗai. Fileko, wanda ake cewa ka saya ya share maka gilashi, nau'insa na gama-gari yana wuce santimita 30, kuma in ya girma ƙazantar da yake fitarwa ta fi gansakukar da yake ci. Pangasius, da ake sayarwa da sunan shak saboda siffarsa ta yi kama da ta wannan babban kifin teku, da tarwaɗa mai jan wutsiya ta Kudancin Amurka, dukansu suna kaiwa mita guda. Babu tankin falo da zai riƙe su, bai kamata ma a sayar wa sabon shiga su ba.

Ana yawan cewa kifi yana girma ne daidai da tankinsa. Abin da ke faruwa shi ne ƙunci da gurɓataccen ruwa suna tsumburar da shi, ya yi ta ciwo, ya mutu da wuri. Wannan ba dacewa da tanki ba ce, cutarwa ce.

Golfish ne ya fi kowa shan wahalar wannan fahimta. Ana sa shi a kwanon gilashi mai lita 5 ba matata, ya mutu cikin watanni, a ce dama ba ya daɗewa. Alhali kifi ne da ke rayuwa shekara 10 zuwa 15 ko fiye idan ya samu kulawa, mai siririn jiki yana kai santimita 25 zuwa 30, masu zagayen jiki kuma 15 zuwa 20. Yana da ci, yana da kashi. Masu zagayen jiki biyu suna son wajen lita 120 da matata mai ƙarfi, masu siririn jiki kuwa kududdufin lambu ya fi dacewa da su.

Kafin ka fita gida ka san litar tankinka: tsawo sau faɗi sau zurfi a santimita, a raba da 1,000. Tanki mai 60 da 30 da 30 lita 54 ke nan, kuma tsakuwa da duwatsu za su cinye wani abu a ciki. Sabon shiga ya kan ɗauka ƙaramin tanki ya fi sauƙi. Akasin haka ne, domin a ruwa kaɗan guba na taruwa da sauri, zafi na hawa da sauka da sauri. Lita 60 zuwa 100 ya fi yafe kuskure. A tuna kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tanki mai lita 100 da gilashinsa da tsakuwarsa ya wuce kilo 120, ba kowane teburi ne zai ɗauka ba.

Zaɓen kifi da ido kawai

Ɗaya daga nan, biyu daga can, saboda kalarsu ta yi kyau tare. Haka ake haɗa waɗanda ba sa zama wuri ɗaya. Golfish na son ruwa mai ɗan sanyi, wajen digiri 18 zuwa 23, kifayen ƙasashe masu zafi kuma 24 zuwa 27, diskas har 28 zuwa 30. Sikilid na Tafkin Malawi suna son ruwa mai nauyin ma'adinai da pH kusan 8, niyon tetira kuwa asalinsa ruwa ne marar nauyi mai ɗan tsami na yankin Amazon. Namijin beta biyu a tanki ɗaya faɗa za su yi har ɗaya ya jikkata ko ya mutu. Taiga bab yana yagar fukafukan duk mai dogon fiffike. Anjal idan ya girma yana haɗiye ƙananan tetira, domin duk abin da ya shiga bakin kifi abinci ne a wurinsa.

Akwai kuma masu rayuwa a garke. Tetira da bab da Corydoras idan aka sayi ɗaya ko biyu sai su ɓuya, kala ta dushe, su ƙi ci. A sayi 6 zuwa sama na nau'i ɗaya. Garke biyu masu yawa sun fi nau'i takwas ɗai-ɗai kyan gani da lafiya. Gofi kuwa haihuwa yake yi kusan kowane wata, mai ƙaramin tanki gara ya sayi maza zalla.

A gaban tankin shago

Kada ka kalli kifin da kake so shi kaɗai, ka kalli tankin duka. Idan akwai matacce a ƙasa, ko mai fararen ɗigo kamar an barbaɗa masa gishiri, ko mai naɗe fukafukai a jiki, ko mai goga jikinsa a dutse, ko mai ramammen ciki, ka bar tankin nan gaba ɗaya. A shaguna da yawa ruwa ɗaya ne ke zagaya tankuna masu yawa, sai a duba na gefe ma. Ka tambayi yaushe aka kawo su, waɗanda suka iso jiya ba su farfaɗo daga wahalar hanya ba. Ka roƙi a ba su abinci a gabanka, lafiyayyen kifi ba ya jinkirin ci. Kifi mai kala mai ƙyalli da ta yi kama da fenti a kan jiki garai-garai kamar gilashi, sau da yawa allurar rini aka yi masa, kalar za ta dushe kuma ya fi saurin kamuwa da cuta.

Mai shago nagari zai tambaye ka litar tankinka, tsawon lokacin da ya yi yana aiki, da kifayen da ke ciki. Wanda ya miƙa hannu ga raga bai tambayi komai ba, kai ne za ka yi wa kanka binciken. Ka rubuta sunan kifin, ka koma gida ka karanta, ka dawo. Ko da tanki ya nuna, a riƙa ƙara kifi kaɗan-kaɗan, tsakani mako biyu, don bakteriya su cim ma ƙarin ƙazantar.

Bayan an iso gida

A kashe fitilar tanki, a ɗora ledar a rufe kan ruwa na minti 15 zuwa 20 don zafinsu ya daidaita. Sannan a buɗe, a riƙa zuba ɗan ruwan tanki a ciki duk bayan minti 5, sau uku ko huɗu. A ciro kifin da raga, ruwan leda a zubar. Wanda ke da tsofaffin kifaye ya ajiye sababbi a wani ƙaramin tanki daban na mako 2 zuwa 4 tukuna.

Idan fararen ɗigon nan suka ɓullo, ƙwaro ne mai suna Ichthyophthirius. Magani ba ya taɓa shi yayin da yake cikin fatar kifi, sai lokacin da 'ya'yansa ke yawo a ruwa. Shi ya sa ake yi wa tankin duka magani, a ci gaba na wasu kwanaki bayan ɗigon sun ɓace. A cire gawayin tace ruwa da ke cikin matata, in akwai, kafin a zuba maganin, in ba haka ba zai shanye maganin, kuma duk magani mai tagulla yana kashe jatan lande da katantanwa.

Abinci, abin da za su cinye cikin minti 2, sau ɗaya ko biyu a rana. Canjin ruwa, kashi 20 zuwa 30 kowane mako, da tiyo mai zuƙe dattin cikin tsakuwa, naitiret ta zauna ƙasa da miligiram 40 a kowace lita. Kada a kwashe komai a wanke tas, kada sabulu ya kusanci tanki ko bokitinsa. Soson matata a matse shi a cikin ruwan da aka ɗebo daga tankin, domin wanke shi a famfo ko sauya shi duka lokaci ɗaya yana mayar da kai ranar farko.

Kifin da ya fi ƙarfin tankinka a mayar wa shago ko a ba mai babban wuri. Kada a sake shi a kogi ko tafki. Fileko da aka saki haka ya yaɗu a ruwayen Fulorida da Meziko da Filifin, yana haƙa ramuka a gaɓar ruwa yana gasa da kifayen asali wajen abinci.