Yadda Ake Dasa Itatuwanmu na Gado a Birnin Kano

Duk wanda ya lura da sunayen unguwannin Kano zai ga cewa itatuwa ne suka raɗa wa da yawa daga cikinsu suna, kamar Kurna da Ɗorayi da Giginyu da Durumin Iya da Cediyar 'Yan Gurasa, har da Kasuwar Rimi. Yawancin irin waɗannan itatuwa an sare su saboda gini ko faɗaɗa titi ko girki, kuma da suka tafi sai tsuntsaye da ƙudan zuma da jemagun da ke rayuwa a kansu suka ragu. Darbejiya, wadda asalinta daga Indiya take, tana ba mu inuwa, amma iri ɗaya ba zai ciyar da halittu duk shekara ba.

Da farko a zaɓi itacen da ya dace da wurin. A ƙofar gida, kurna ko tsamiya ko aduwa sun fi dacewa, kuma furen kurna abinci ne mai kyau ga ƙudan zuma. Kuka da ɗorawa da rimi da cediya sai harabar makaranta ko masallaci, domin saiwoyinsu na iya tsaga katanga. Kada a kori jemagu idan sun zo, domin su ne ke barbarar furen kuka da na ɗorawa da daddare.

Sai gyaran iri, inda mutane da yawa suke karaya. Ƙwallon tsamiya da na kuka da na ɗorawa suna da taurin ɓawo, don haka a kankare gefe ɗaya da dutse, ko a zuba musu ruwan zafi a bar su su kwana a ciki, sannan a shuka a leda mai ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a huda ƙasanta, a ajiye a inuwa ana ba da ruwa safe da yamma. Cediya da durumi kuwa reshe kawai ake sarowa a kafa.

A jira damina ta zauna, wato wajen watan Yuli, kafin a dasa. A haƙa rami mai zurfin kamu biyu nesa da katanga da shadda da wayar lantarki, a gauraya ƙasar da taki, a yage ledar a hankali ba tare da ƙasar ta warwatse ba, a binne a danne.

A ganina, kariya ta fi dashen kansa wahala, domin akuya ɗaya tana iya cinye wahalar wata shida cikin ƙiftawar ido. A kewaye dashen da bulo ko kwando ko ragar waya har sai ya fi ƙarfin dabbobi. Idan rani ya shigo, ruwan alwala ya ishe shi, amma a guji ruwan kwata mai sabulu ko baƙin mai. A bar ganyen da ya zuba ya ruɓe a gindinsa maimakon a ƙone shi, kuma kada a fesa maganin ƙwari lokacin da yake fure, domin a lokacin ne ƙudan zuma suke zuwa.