Yadda ake aiki da SpeX a kan dutsen Mauna Kea, da abin da zaka duba idan hoto ya fito a rikice

Abu na farko da ya kamata ka saka a ranka kafin ka taɓa komai shi ne, a hasken infirared, wato hasken da ido ba ya gani wanda zangonsa ya fi na jan haske tsawo, sararin sama kansa yana walƙiya. Ba kamar yadda ido ke ganin dare baƙi ƙirin ba. Iskar da ke can sama tana fitar da haske, teleskof ɗin kansa yana fitar da haske saboda ɗuminsa, kuma sau da yawa wannan hasken ya ninka na tauraron da kake nema nesa ba kusa ba. Toh duk aikin sifektirogiraf na infirared, wato na'urar da ke rarraba haske daki-daki gwargwadon tsawon zangonsa, ya tsaya ne a kan cire hasken da ba ka so.

Zan yi misali da SpeX, wadda ke maƙale a teleskof ɗin IRTF na hukumar NASA mai faɗin mita 3, a kan Mauna Kea a Hawai, sama da mita 4,000 daga gaɓar teku. Cibiyar nazarin taurari ta Jami'ar Hawai ce ta ƙera ta ƙarƙashin jagorancin John Rayner, ta fara aiki a 2000, aka sake mata ditekta, wato allon da ke ɗaukar hoton hasken, a 2014 mai fiksel (ƙananan ɗigon hoto) 2048 sau 2048, tana ɗaukar haske mai tsawon zango daga maikuron 0.7 har zuwa 5.3 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Yawancin masu amfani da ita ba sa hawa dutsen ma, ta intanet suke shiga kwamfutocin wurin, mai tuƙa teleskof yana can kuna magana. Idan kana Kano ko Zinder tazarar awa 11 ce, daren su safiyarka ne.

Tun kafin rana ta faɗi a can ka buɗe manhajojin nan biyu, Bigdog da ke kula da ɓangaren rarraba haske, da Guidedog da ke nuna maka hoton tsagar da haske ke shiga ta cikinta. Ka fara duba ma'aunin sanyi. Cikin na'urar a sanyaye yake ƙwarai, ruwan naitirojin da ake amfani da shi digiri 196 ne ƙasa da sifili, don in ba haka ba ƙarfen na'urar da kansa zai haska ditekta. In ka ga lambar tana hawa, dan Allah kar ka ce zaka gyara, ka kira ma'aikacin wurin nan take. Wannan ba naka bane.

Sai zaɓin yanayi. Abu mai dushi-dushi irin ƙananan duwatsun sararin samaniya, yanayin firizim (gilashin da ke rarraba haske) ake sa wa, yana kwaso maikuron 0.7 zuwa 2.5 a ɗauka ɗaya amma ba ya rarrabewa sosai. In kana son ganin layukan sinadarai ɗaya bayan ɗaya sai ka koma yanayin gajeren zango mai suna SXD, wanda ke kaiwa wajen 2,000 a ƙarfin rarrabewa da tsaga mai faɗin 0.3 na daƙiƙar baka, wato ɗan ƙaramin ma'aunin kusurwa a sama. Na dogon zango kuma LXD. Faɗin tsaga ka daidaita shi da yadda iska take a daren, in taurari na rawa sosai kuma ka nace wa siririyar tsaga rabin haskenka a waje zai zube.

Yanzu mai tuƙi ya kai ka kan tauraro, an gyara fokas. Kafin ka danna komai ka juya tsagar ta miƙe daga ƙasa zuwa tsakiyar sama, abin da ake kira kusurwar faralaktik. Dalili kuwa iska tana lanƙwasa gajeren zango fiye da dogo, tauraron sai ya ɗan miƙe ta wannan fuskar, in tsagarka ta gitta shi sai ka rasa hasken gefen maikuron 0.8 baka sani ba, kuma babu wata manhaja da zata dawo maka da shi daga baya. Mutane na raina wannan matakin musamman idan abu ya yi ƙasa kusa da faɗuwa, kuma a nan ne ya fi cutarwa.

Daga nan sai ainihin aikin. Tsawon tsagar SXD daƙiƙar baka 15 ne, zaka ajiye tauraro a wuri ɗaya da ake kira A ka ɗauka, teleskof ya gusa kaɗan zuwa B ka sake ɗauka, a jere A, B, B, A. Idan ka cire B daga A, hasken sama da ke cikin duka biyun sai ya soke kansa, ya bar maka layi fari da layi baƙi gefe da gefe. Kamar mai awo ne da ke ɗora kwano a sikeli babu komai ya san nauyinsa kafin ya zuba kaya. Kar ka kalli ɗanyen hoto ka yanke hukunci, kullum A cire B zaka kalla, kuma duk matsalar da ta taso tambayar ɗaya ce, me ya canza tsakanin A da B?

In ka ga ragowar layuka sun tsaya a gicce ba su goge ba, musamman wajen maikuron 1.6, wannan hasken sinadarin OH ne (haɗin oksijin da haidurojin) na saman iska, ƙarfinsa na canzawa cikin mintuna kaɗan. Ɗaukarka ta yi tsawo kenan. Ka rage ta zuwa wajen minti biyu ka ƙara yawan zagaye. A LXD abin ya fi tsanani, don daga wuce maikuron 3 zafin sama da na madubi ke cika ditekta cikin daƙiƙu, sai gajerun ɗauka da yawa a haɗa su. In kuma gaba ɗaya hoton ne ya rinjaya fari ko baƙi, gajimare ne ke wucewa, ka tambayi mai tuƙi me yake gani a waje. In layin A da ƙarfi na B ya yi rauni, tauraro ne ya zame daga tsaga, ka koma Guidedog ka duba akwatin bin sawu na B ko yana inda ya dace. Ga masu bin duwatsun sama, ku tabbata an saka gudun tafiyar abin, don shi ba ya tafiya tare da taurari, in aka manta yana sulalewa a hankali.

Babu haske kwata-kwata? Kafin hankalinka ya tashi ka duba madubin fitilun gwaji ko yana tare hanya, ka duba ko fitila na kunne, ka duba tsaga da matatar haske ko sun isa mazauninsu. Yawanci ɗaya daga cikin waɗannan ne.

Akwai kuma fatalwar haske. Ditektan infirared in ya sha haske mai yawa ba ya mantawa nan da nan, sai ka ga sawun tauraron baya a hoton gaba. Don haka kar ka bari ya cika ya tumbatsa, ka ɗauki gajeren gwaji tukuna ka ga lambobi, kuma in zai yiwu ka fara da abu mai dushi kafin mai haske. In ta riga ta faru sai haƙuri, ka ɗauki hotunan banza na ɗan lokaci har ta dushe.

Kana gamawa da abin da kake nema, kar ka bar wannan yankin na sama sai ka yi abu biyu. Ka kunna tsarin fitilu, na falat mai daidaita yadda fiksel ke karɓar haske da na argon mai nuna ma'aunin zango, a nan inda teleskof yake, saboda na'urar na ɗan lanƙwasa da nauyinta idan an karkata ta, layuka su gusa. Sannan ka ɗauki tauraro nau'in A0V, dangin tauraron Vega, a kusa da wurin kuma a kaurin iska (yawan iskar da haske ke ratsowa) kusan daidai da na abin da ka ɗauka, bambancin kar ya wuce 0.1 in da hali. Tururin ruwa na cinye haske a 1.4 da 1.9, kabon dayoksaid a wajen 2.0, kuma da wannan tauraron ne zaka gano nawa aka cinye, ka raba hasken abin da ka ɗauka da nasa don gyara. Na san lokaci na da tsada kuma mutum na son ya ruga abu na gaba, amma wallahi awa guda ta ɗauka ba tare da wannan tauraron ba kusan asara ce.

Wajen tace bayanai da manhajar Spextool, in bayan gyaran iska ka ga zane na tsalle sama da ƙasa a gefen 1.4 da 1.9, ka fara gwada gusa zangon tauraron gwajin kaɗan, akwai wurin yin haka a cikin xtellcor, ɓangaren da ke gyaran iska, sau da yawa ƙasa da fiksel ɗaya ne ya raba su. In ka ga wani ƙaho a 2.166 ko 1.282 kar ka yi saurin murna ka ce ka gano haidurojin, layukan tauraron A0V ne ba a cire su da kyau ba, ka koma ka sake daidaita faɗinsu da na samfurin Vega sannan ka sake raba.